Zakaran Makwarwar Ƙanena

Gishiri na ce zan je ɗaukowa, kuma ba ƙarya na yi gaba ɗaya ba. Makiyayanmu sun sauko da tumaki daga saman dutsen Korab kwana huɗu kafin nan, suka manta buhu biyu na gishirin lasa a bukkarmu ta can sama. Baba ya hana kowa sakat, wai ruwan kaka zai narkar da shi. Saboda haka bayan la'asar na ɗaura wa alfadari kaya, na rataya bindigata.

Matata Hanife tana bakin ƙofa tana tankaɗe garin masara. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Gishiri da bindiga? Ko buhun ne zai gudu in ya gan ka?"

"Akwai kerkeci a hanya."

"To wannan tulin da ka rufe da bargo fa?"

"Ki ji da garinki."

Ta taɓe baki, ta ci gaba da tankaɗenta. Abin da ke ƙarƙashin bargon keji ne, a cikinsa kuma zakaran makwarwar ƙanena Mersin. Ba ara na yi ba. Mersin ya tafi garin Peshkopi cire haƙori tun da safe, matarsa tana gidan iyayenta, ni kuma na miƙa hannu ƙarƙashin rufin ɗakinsa na sauke kejin daga ƙusa.

Ni sunana Destan. Shekara goma sha biyar ba a maganar farautar makwarwar dutse a ƙauyenmu ba tare da an kira sunana ba. Tsuntsuwar nan ba ta wasa ba ce. Launinta launin dutsen da take kwance a kai, ban da jan baki da jar ƙafa da baƙin zoben da ya zagaye mata wuya. In ta ji motsinka ba ta tashi, da gudu take haura gangare, kai kuma ka bi ta da huhunka a hannu. Sai ka kusa taka ta za ta fashe da tashi, ta zube ƙasa cikin kwari kamar an jefa dutse. Ni na iya ta. Ni na koya wa Mersin riƙon bindiga, lokacin da yake runtse ido biyu in zai ja kunamar bindiga.

Sai ga shi a wani hunturu Mersin ya sauko daga dutse da zakaran nan a cikin rigarsa, fiffike a karye. Ya yi jinyarsa a gefen murhu, ya saƙa masa keji da tsumagiya. Tun daga nan komai ya juye. Da asuba zai hau, ya ajiye kejin a kan dutse, zakaran ya yi kira, tsuntsaye su taho da ƙafarsu har gabansa. Biyu yake ɗauka. Kullum biyu, ko da garke guda ne a gabansa. Ni kuwa in wuni ina tsaga takalmi a tsakuwa, in dawo da jaka babu ko gashi.

A shagon kofi na Dilaver ba a barina in sha da daɗi.

"Malam Destan, yau ma dutsen ka je gaisarwa? Yana lafiya?"

"Ku ƙyale shi, ya zama mai tausayin dabbobi."

"A'a, tsuntsayen ne suka gane babba da ƙarami. Sun zaɓi ƙaramin."

Mutanen shagon su kwashe da dariya, ni ma in washe haƙora na dole. Wannan duk mai sauƙi ne. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Baba. Zai kurɓi romon makwarwa, ya lumshe ido, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Mersin, kai ne ka gado kakanku." Shekara goma sha biyar yana shan romon da na kawo, bai taɓa haɗa ni da kakanmu ba. Har Hanife, wata rana muna cin abinci, ta ce, "Ka ce ya koya maka mana." Ban ƙarasa cin abincin ba.

Sau ɗaya na sauke kai na nemi aron zakaran. Fuskar Mersin ta canza.

"Yaya, ɗauki bindigata, ɗauki alfadarin, ɗauki komai. Ban da wannan."

"Don kada in fi ka?"

"Wallahi ba haka ba ne. Da asuba kawai ake fita da shi. Biyu ake ɗauka. Kuma ba ya kai la'asar a kan dutse."

"Wa ya kafa dokar? Kai?"

Ya sunkuyar da kai. Tun ranar, in ina faskare a tsakar gida, daidai ƙarƙashin inda kejin yake rataye, nakan yi ta magana ƙasa-ƙasa tare da saran gatari. Maganganun da ba zan so kunnen mutum ya ji ba. Ba kowa a wurin, sai tsuntsu.

Ni da alfadarin mun yi awa ɗaya da rabi muna hawa. Hanyar ta bar itatuwa, ta shiga zallan dutse da busasshiyar ciyawa mai ƙamshin yaji. Muka iso inda take rabuwa biyu. Ta dama ta zagaya ta haura zuwa bukkoki. Ta hagu kuwa taku arba'in ce kawai, sai ta ƙare a gaɓar da muke kira Bakin Wuƙa, inda in ka jefa dutse ba ka jin faɗuwarsa. A nan alfadarin ya turje. Na ja, na doke shi, na zage shi har uwarsa jaka. Da ƙyar ya bi ta dama, kunnuwa a kwance.

Ban ko leƙa bukkar ba. Na ɗaure alfadarin a jikinta, na ɗauki kejin na koma saman gangaren da ke kallon marabar hanyar. Na ɗora shi a kan wani faffaɗan dutse, na yaye bargon, na laɓe bayan tarin duwatsu da harsashi takwas a aljihu. Rana ta riga ta faɗa bayan tsauni. Saura jan haske a kan ƙanƙarar ƙololuwa.

Zakaran ya girgiza jiki. Ya juyo da kai ya dube ni da ido ɗaya, ya daɗe. Sannan ya miƙe wuya.

Cak. Cak. Cakar-cakar-cakar.

Kiran ya bugi dutse ya dawo. Na ji tsakuwa tana motsi.

Suka fara fitowa. Daga bayan kowane dutse, daga kowace tsaga. Goma, ashirin, har na daina lissafi. Tun da nake ban taɓa ganin makwarwa da yawa haka ba. Babu wadda ta amsa kiran. Tafiya kawai suke, jajayen ƙafafu a kan farar tsakuwa, har suka zagaye kejin suka tsaya.

Na gyara riƙon bindiga. Na hango kaina ina zazzage jaka a kan teburin Dilaver.

Na harba. Ɗaya ta faɗi.

Ko ɗaya ba ta tashi ba.

Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tattara ya gudu. Makwarwar da faɗuwar tsinke ke tayarwa, ga ƙarar bindiga ta cika kwari, ta tsaya tana kallona? Amma ni Mersin nake gani. Na harbi ta biyu. Na ce a raina, nan ne iyakarka, ƙanena, yanzu kalli yadda manya suke yi. Na ɗura, na harba, na ɗura, na harba, har na laluba aljihu na ji babu komai.

Takwas a kwance. Hayaƙin albarushi ya tsaya a iska, ya ƙi gushewa.

Na fito na sunkuya na ɗauki ta farko. Sanyi ƙalau, a sandare, kamar ta kwana uku a ƙanƙara. Ba jini a gashinta. Ta biyu ma haka. Wani wari ya bugi hancina, irin na tsohon ɗakin kaji da aka daɗe ba a buɗe ba.

Sai na lura iska ta tsaya. Ƙararrawar wuyan alfadari ta yi shiru. Hazo yana tasowa daga kwari, fari, yana rarrafe a kan duwatsu.

A bayana wani ya ce, ƙasa-ƙasa, "Da ma ƙafarka ta zame a Bakin Wuƙa."

Muryata ce. Har da ɗan nishin da nake yi in na sauke gatari.

Na juya a hankali. Zakaran yana kallona, bakinsa a buɗe.

"Da ma a wayi gari babu kai," ya sake cewa. "In ga wanda Baba zai sa wa albarka."

Tsuntsuwar da ke hannuna ta suɓuce.

A gefen kejin akwai mutum a tsugune. Ban ga zuwanta ba. Tsohuwa ce, ƙarama kamar yarinya, ta lulluɓa da mayafi mai ruwan toka. Tana jan matattun ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a cinyarta, tana shafa musu kai. Daga ƙarƙashin mayafin yatsun ƙafarta sun leƙo. Uku ne. Jajaye.

"Ba kai ne mai zuwa ba," ta ce. Muryarta kamar ana jan busasshiyar ciyawa a kan dutse.

Na ja da baya taku ɗaya.

"Wancan yana sallama. Ya ɗinke mini fiffiken ɗana, na ba shi biyu. Kai me ka ɗinke?"

"Ki yi haƙuri, Iya," na ce da raɗa. "Kuskure ne."

"Ba kuskure." Ta ɗago kai. Wani baƙin zane ya ratsa idanunta ya zagayo ƙarƙashin haɓarta. "Shekara biyu ɗana yana kawo mini maganarka. Na san abin da ka zo nema. Ba nama ba ne."

Ta nuna ƙasa da haɓa.

Can gindin gangare, cikin hazo, wani ɗan haske yana hawowa da sauri. Tocila. Sai muryar da na sani tun tana kukan jariri.

"Yaya! Yaya Destan!"

Mersin ne. Ya dawo ya tarar da ƙusa babu keji.

"Takwas ka ɗauka," in ji tsohuwar. "Ɗaya zan karɓa, mu rabu lafiya. Daga gobe kai za ka riƙa zuwa da asuba. Kai za a riƙa kira."

Na waiga kan faffaɗan dutsen. Kejin ba ya nan.

Yana can ƙasa, a kan wani ɗan tsinin dutse da ya turo kai daga Bakin Wuƙa, inda ko akuya ba ta sa ƙafa. Daga can muryata ta tashi, da ƙarfi, cike da kuka.

"Mersin! Ga ni nan! Ta hagu! Ƙafata ta karye!"

Hasken ya tsaya a marabar hanya.

"Ba sai ka ce komai ba," ta raɗa mini. Numfashinta yana taɓa kunnena, alhali ina ganinta can a tsugune. "Ka riga ka faɗa. Zauna kawai."

Zan faɗi gaskiya, tunda na fara. Na zauna.

Numfashi ɗaya. Na ga shagon Dilaver ya yi tsit in na shigo.

Na biyu. Na ga Baba ya kurɓi romo ya kira sunana.

Na uku. Wani daɗi mai sanyi ya ratsa ƙirjina. Har yau shi ne abin da ya fi tsorata ni a duk abin da na gani a ranar.

Hasken ya juya hagu.

"Ɗan'uwana, zo! Ɗan'uwana na kaina, yi sauri!"

"Riƙe da kyau, Yaya!" Muryar Mersin ta tsage, bakinsa a kumbure da ciwon haƙori. "Kada ka motsa, ina zuwa!"

Ba fushi a muryar, ko kaɗan. Ɓarawon kejinsa yake gudu ya ceta.

Na zabura na miƙe. Na cika huhu na ƙwala masa kira.

Cak. Cakar-cakar.

Abin da ya fito daga bakina ke nan.

Na kama maƙogwarona. Na sake gwadawa. Na nemi in yi a'uziyya. Cak. Cak.

Tsuntsayen duka suka juyo suna kallona. Tsohuwar tana dariya ba sauti, kafaɗunta suna rawa.

Taku goma.

Na ɗaga bindiga sama na ja kunama. Ƙit. Babu komai a ciki.

Taku ashirin.

In na bi hanya in zagaya, minti goma sha biyar ne. Tsakanina da shi kuwa gangaren tsakuwa ne a miƙe, wanda makiyaya ke hana tumaki kusanta.

Taku talatin. Hasken ya rage sauri.

Na kira sunan Allah a zuciyata, tunda baki ya ƙi. Na jefar da bindiga. Na faɗa.

Dutsen gaba ɗaya ya taho tare da ni. Tsakuwa a baki, tsakuwa a ido. Na ji ƙafata ta yi ƙas kamar busasshen reshe. A samana fikafikai suka fashe da tashi lokaci guda, ɗaruruwa, suka wuce ta kaina da iska mai ƙanƙara, suka zube cikin kwari. Wani abu mai yatsu uku ya kama wuyan rigata ya ja. Rigar ta yage.

Na tsaya a kan hanya, rabin jikina a binne.

Shiru.

Sai haske ya faɗo a fuskata. Hannu mai ɗumi ya riƙe kaina.

"Yaya. Kai ne? Kai ne wannan?"

Na buɗe baki, na tuna, na rufe. Na damƙe hannunsa kawai.

Bai waiwayi Bakin Wuƙa ba. Ya tone ni da hannu, ya goya ni, yana karanta Ayatul Kursiyyu da kumburarren bakinsa, yana kaiwa ƙarshe yana sake farawa. Har muka shiga itatuwa ina jin muryata a bayanmu tana kiran sunansa, tana roƙo, tana kuka. Daga baya ta koma dariya.

Alfadarin ya riga mu isa gida, igiya a tsinke. Gishirin yana can har ruwa ya cinye shi.

Kwana tara ban yi magana ba. Liman yana zuwa safe da yamma yana tofa mini addu'a. A rana ta goma na nemi ruwa da wata murya mai kaushi, ita ce kuma nake da ita har yau. Ƙafar ta haɗe a karkace. Ni da Mersin babu wanda ya sake hawa dutsen da bindiga. A ƙauye abin da aka sani shi ne Destan ya zame, ƙanensa ya goyo shi tun daga Bakin Wuƙa har gida. Aka ƙara yabonsa, Baba ya ƙara sa masa albarka. Ba zan ɓoye ba, ina kwance da karaya ina jin abin yana ɗan motsi a cikina. Sai dai yanzu na san warinsa, nakan tashi zaune in yi istigfari har ya kwanta.

Bai taɓa tambayata me ya sa na ɗauki kejin ba. Ni ne na kasa haƙuri. Wata rana da hantsi ya zo ya zauna a bakin gadona yana ɓare mini gyaɗa, na ce, "Na ga ka rage sauri kafin in faɗo. Me ya tsayar da kai?"

Ya daɗe yana juya ɓawon a hannunsa.

"Saura taku biyar," ya ce. "Ina haska tocila ba na ganin komai sai fari. Muryarka ce sak, Yaya, ko Inna da tana raye za ta rantse. Amma sai cewa take ɗan'uwana, ɗan'uwana na kaina." Ya yi ɗan murmushi, bai dube ni ba. "Sai na ce a raina, anya? Yaya bai taɓa kirana haka ba."

Na juya fuskata bango.

Na yi wata guda ina juya maganar. Ranar ƙaramar Sallah, bayan an sauko daga masallaci, na dogara sandata na tare shi a ƙofar gida, gaban Baba, gaban matanmu. Na tattara duk abin da ke ƙirjina na kama kafaɗarsa.

"Barka da Sallah, ɗan'uwana."

Jini ya bar fuskarsa. Ya ja da baya har ya bugi bango, idonsa ya sauka kan ƙafafuna, ya tsaya a can yana duba yatsun ta cikin takalmi. Sai da ya ga kowa ya zuba masa ido sannan ya yi dariyar dole, ya matso ya rungume ni.

Ya sa baki a kunnena.

"Don Allah, Yaya, kira ni duk abin da ka saba. Ban da wannan."